Sunayen Mata Arba'in

Waɗanda suka cika mini waya da tambayar ko an sa rana, ku yi haƙuri, ba a sa ba. Abin da aka tsayar shi ne gobe Lahadi, ƙarfe biyu na rana, iyayen Teo za su zo gidanmu su nemi aurena a gaban iyayena, yadda ake yi a wurinmu 'yan Filifin. Yau Asabar. Zan ba ku labarin abin da ya faru daga ranar Alhamis zuwa yanzu, a jere, ba ƙari ba ragi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Dalisay Abrenica, shekarata talatin da ɗaya, a nan Winnipeg aka haife ni. A ɗakin karatu na jami'a nake aiki, a hawa na can ƙasa, a ofishin da ba shi da taga. Ni ke kula da rumbun jami'a na intanet. Duk kundin digirin da aka gama, duk takardar binciken da malami ya ba mu, a wurinmu ake ajiye su don kowa a duniya ya iya buɗewa kyauta. Nanay, mahaifiyata, shekara shida ke nan tana gaya wa ƙawayenta na coci wai ina jera littattafai a cikin kwamfuta. Na daina gyara mata.

Aikin a rabe yake, kuma kowa ya san iyakarsa. Mai kundi shi ke ɗauke da alhakin abin da ke ciki, har hannu yake sa wa a takarda kan haka. Ofishin manyan digiri ne ke cewa a buɗe, ko a kulle, ko a canja. Masu kula da injuna suna wani gini daban, da ƙyar muke ganinsu sau biyu a shekara. Nawa shi ne in karɓa, in duba suna da shekara, in tabbatar fayil yana buɗuwa, in ajiye shi, in tsare shi yadda aka ba ni shi. Mabuɗi yana hannuna, zan iya share komai cikin minti ɗaya. Izinin yin hakan ne ba ni da shi.

Ranar Alhamis da safe ina tsaye a tsakiyar falo da kofin kofi a hannu, Nanay tana durƙushe a gabana da allurai a baki. Rigar Lahadi take gwada mini, ita ta ɗinka da kanta, launin madara, mai tsayayyun kafaɗu. Ta canja labulen falo, ta cire ledar da ke kan kujeru tun ina firamare, ta sa Tatay, mahaifina, ya hau tsani ya goge fitila.

"Tsaya da kyau," in ji ta. "Kin ƙara ƙiba a ƙugu."

"Jiya kika ce na rame."

"Jiya kin rame a fuska. Ajiye kofin nan kafin ki zuba mini a yadi."

Wayata ta yi ƙara. Tita Remy ce, wato Inna Remy, ƙanwar Nanay, a zauren hira na dangi: "Dali, ranar Lahadi in an tambaye ki abu ki yi murmushi kawai. Kada ki fara musu bayanin doka." Ta biyo da hoton zuciya guda bakwai. Ita ta haɗa ni da Teo bara, a wurin bikin suna, kuma tun daga ranar take tafiya kamar wadda ta ci zaɓe.

Teo ɗin, Teodoro Macaraeg, dakta ne a fannin tarihi, shekararsa talatin da huɗu, yana koyarwa a jami'armu a kan kwantiragin shekara-shekara. Mutum ne mai sanyi, yana wanke kwanon da ya ci abinci a gidan mutane, yana sauraro har ka gama magana. Ina son sa. Na faɗa sau ɗaya ke nan, ku riƙe.

Kundinsa a kan matan da suka zo daga Filifin suka yi ɗinki a masana'antun tufafi na garin nan ne. Mata arba'in ya yi hira da su shekaru huɗu da suka wuce, tun kafin in san shi, Nanay da Tita Remy na ciki. Wannan kowa a coci ya sani. Abin da ba wanda ya sani shi ne wace ce ta faɗi me, don ya yi wa kowacce alkawari a rubuce cewa sunan aro zai sa mata. Da wannan alkawarin suka saki baki, suka faɗi abin da ba su taɓa gaya wa mazajensu ba.

Da ya gama digiri ya nemi a kulle kundin shekara biyu, yana so ya mai da shi littafi. Ana yin haka da yawa. In wa'adi ya cika, na'ura ce ke buɗewa da kanta, shi ya sa mako ɗaya kafin nan muke bin kowane fayil mu sake dubawa. Tun watan Agusta na rubuta wa shugabata, Lorraine Dueck, cewa akwai magana tsakanina da mai wannan kundi, na miƙa nasa ga abokin aikina Mathieu. Matar Mathieu ta haihu mako uku kafin lokaci. Ya tafi hutu, takardar ta zauna a kan teburinsa ƙarƙashin kofi. Ranar Litinin wa'adi ya cika, na'ura ta yi aikinta.

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Alhamis na ga sunansa a jerin waɗanda suka buɗe a makon. Fayil biyu ne. Na farko kundin, shafi ɗari uku da goma sha biyu. Na biyu ɗan jadawali ne da ya haɗa a matsayin ƙari: sunan aro, shekarar zuwa, irin keken ɗinkin da mace ta yi aiki a kai. Ba laifi a ciki. Sai dai ina da wata ɗabi'a da na koya bayan wani ɗalibi ya taɓa barin makin ɗalibansa a cikin irin wannan jadawali. Nakan danna in ga ko akwai shafin da aka ɓoye.

Akwai.

Layi arba'in. Sunan aro a hagu, sunan gaskiya a dama, sai lambar waya, sai cocin da take zuwa. Idona ya sauka a layi na goma sha bakwai kafin in hana shi. Perla Abrenica, sunan Nanay. Na rufe.

Na duba ƙidaya. An sauke kundin sau goma sha ɗaya cikin kwana uku. An sauke jadawalin sau biyu.

Abu ɗaya doka ta ba ni in yi ba tare da na tambayi kowa ba: in ɓoye fayil daga idon jama'a, in rubuta dalili a rajista. Na yi shi ƙarfe goma da minti goma sha tara. Sharaɗin shi ne kafin a tashi aiki a ranar in sanar da wuri uku, shugabata, da ofishin manyan digiri, da kwamitin ɗa'ar bincike. Na rubuta imel ɗin, sakin layi biyu. Lorraine tana wani taro a wajen gari har yamma. Na ajiye imel ɗin ban aika ba, na kira Teo.

A nan wasunku za su ce da ma kada in kira shi. Doka ta ce a sanar da mai kundi, ba ta ce kafin ko bayan ba. Na zaɓi kafin. Zaɓina ne, kuma na san dalilin da ya sa na yi shi.

Muka haɗu ƙarfe goma sha biyu a cikin motarsa, a filin ajiye motoci na bayan ɗakin karatu. Yana sanye da rigar sanyin nan ruwan toka da na saya masa, ya kawo mini burodi mai nama a takarda, da zafinsa. Na gaya masa cikin jimla huɗu. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, mota kuwa a kashe.

"Ba zai yiwu ba," ya ce. "Na goge shafin."

"Ɓoye shi ka yi. Gogewa daban."

"Kin ga sunayen?"

"Na ga ɗaya."

Ya san wanne. Ya ɗora goshinsa a kan sitiyari, ya jima haka. Da ya ɗago sai ya fara magana da sauri, muryar da ban san shi da ita ba.

"To, Dali, an gode Allah ke kika gani. Ina da mai kyau a kwamfutata, zan turo miki yanzu. Ki cire wancan ki sa wannan. Minti biyar."

"Minti biyu ma."

"To!"

"Ba zan yi ba."

"Saboda me? Matan nan nake so in kare, ba kaina ba."

"Na riga na kare su daga na uku. Biyu sun sauke. In na musanya shiru, matan ba za su taɓa sanin sunansu ya fita ba. Wata za ta je coci, wani ya dube ta, ba ta san dalili ba."

"Wataƙila injin bincike ne ya sauke, ba mutum ba."

"Wataƙila. Masu injuna ne za su faɗa, kuma ba za su duba ba sai an tambaye su a rubuce."

Sannan ya fito da ainihin maganar. Ranar Talata zai zauna gaban kwamitin da zai yanke ko a ba shi kujerar dindindin. Shekara biyu yana jiran ta. Shugabar kwamitin ɗa'a, Farfesa Friesen, tana cikin masu zaman.

"Ban ce ki ɓoye har abada ba," ya ce. "Zuwa Laraba kawai. Ranar Laraba da kaina zan je."

"Yau doka ta ce."

"Doka! Wa zai sani?"

"Rajista tana rubuta duk wanda ya taɓa fayil, da lokaci."

"Wa yake karanta rajistar?"

"Ni."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ranar Lahadi iyayena za su zo gidanku, ke kuma kina min magana kamar ɗan sandan kan hanya."

"Ɗan sanda ba zai ba ka awa huɗu ba. Ƙarfe huɗu zan aika. In ka riga ni ka rubuta musu da kanka, za su ga naka kafin nawa. Wannan ne abin da nake da shi, kuma na ba ka."

Na buɗe ƙofa. Ya ce in tafi da burodin. Na tafi da shi, na ci a ofis, don yunwa nake ji.

Da na koma na buɗe tarihin fayil ɗin tun daga ranar farko, don in cike rahoto. Ranar da aka shigar da shi, shekara biyu baya, an rubuta wanda ya karɓa ya amince. D.A. Ni ce. A lokacin ban san shi ba, kuma ban fara duba ɓoyayyun shafuka ba. Bisa takarda ba laifina ba ne, abin da ke ciki na mai kundi ne. Amma ta hannuna ya wuce. Na ƙara sakin layi na uku a imel ɗin, na rubuta haka, na kuma rubuta yadda takardar Mathieu ta kwana a tebur bayan ni na miƙa masa ban sake bi ba.

Ƙarfe biyu da rabi waya ta fara. Teo ya gaya wa mahaifiyarsa, ita ta kira Tita Remy, Tita Remy kuwa ba ta san wani abu wai shi riƙe magana ba.

Tita Remy: "Dali, me nake ji? Wai yaron ya yi ɗan kuskuren rubutu kin ce sai kin kai shi ƙara?"

Tita Remy: "Ke ba a kwamfuta kike aiki ba? Danna kawai."

Tita Remy: "Shekara talatin da ɗaya. Ban ce komai ba, tuna miki nake."

Nanay ba ta rubutu, murya take aikowa. Daƙiƙa arba'in da takwas, ana jin ƙarar mai a bayanta. "Anak, 'yata, na sayi nama kilo shida. Kilo shida. Duk abin da yake, ki gyara masa ki dawo gida. Mace ba ta fara kai miji ƙara tun kafin ya zama miji."

Na kifa wayar a tebur. Na shigar da kundi biyu na sashen noma, na amsa wa wani malami da ke son a gyara harafi ɗaya a sunansa, na gaya masa wannan zan iya, don bayanin waje nawa ne. Uku da rabi na duba akwatina, ba komai. Huɗu saura minti goma, ba komai. Huɗu saura minti huɗu imel ɗin Teo ya shigo, zuwa ga Farfesa Friesen, da ni a cikin masu kwafi. Layi shida. Ya ce shi ya haɗa fayil ɗin, shi ya sa hannu, kuskuren nasa ne. Bai ambaci mota ba.

Ƙarfe huɗu daidai na aika nawa. Ni ma ban ambaci mota ba. Rahoton a kan fayil ne, haka na gaya wa kaina, kuma gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Na isa gida ƙarfe shida. Gidan yana ƙamshin tafarnuwa da mai. Nanay da Tita Remy suna teburin kicin suna naɗe lumpia, naman da muke naɗewa a fatar fulawa mu soya, an jera su a faranti kamar sigari, Tatay yana falo ya ƙara wa talabijin murya, alamar ba ya cikin maganar.

"Ga alƙaliya ta dawo," in ji Tita Remy. "Wa kika ɗaure yau?"

"Sannu, Tita."

"Kin gyara?" Nanay ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Na kai rahoto."

Ta ajiye cokali. "Ban ce miki ki gyara ba?"

"Kin ce."

"Yaro mai ladabi, mai digiri uku, yana kirana Tita tun kafin ya san ina da 'ya. Ke kuma saboda waƙafi ɗaya..."

"Ba waƙafi ba ne, Nanay. Sunayenku ne."

Na gaya musu. Ban ƙara gishiri ba. Na ce akwai shafi mai sunan aro kusa da sunan gaskiya, na ce kwana uku ya yi a buɗe, na ce yanzu a rufe yake. Tita Remy ta zauna da fatar lumpia a tafin hannu tana kallonta.

"Duka arba'in ɗin?" ta ce.

"Duka."

"Har abin da na faɗa a kan Mister... a kan mai duba aikinmu?"

"Ban san abin da kika faɗa ba, Tita. Ban karanta kundin ba."

Nanay ta tashi ta kashe wuta a ƙarƙashin mai. Ta tsaya da bayanta gare ni.

"Nawa kin gani?"

"Na ga sunanki. Na rufe."

"Da sunan da ya sa mini?"

"Suna layi ɗaya."

"Kin nema a littafin?"

"A'a."

Ta juyo ta dube ni, irin duban da take yi wa ɗinki tana neman inda zare ya tsallake. Na tsaya ta gama. Gaskiya na faɗa. Abin da ban gaya mata ba, ku nake gaya wa: sunan aron yana kaina, ba ya fita, kundin kuma yana nesa da ni da danna biyu. Kwana biyu ke nan ban danna ba, kuma ba zan danna ba. An ba ni shi ajiya ne.

"Mutum nawa suka ɗauka?" ta ce.

"Biyu."

"Su wa?"

"Ban sani ba tukuna. An tambayi masu injuna."

"Da kin danna kin gyara, yadda muka ce, da zan sani?"

"A'a. Ba wadda za ta sani."

Ta koma ta zauna. Ta ɗauki fata ɗaya, ta zuba nama, ta naɗe, ta liƙe bakin da ruwa. Ta yi guda uku kafin ta sake magana.

"Remy, rufe bakinki ki ci gaba da naɗi. Baƙi za su ci abinci ko me ya faru."

"Ate, yayata, kina nufin har yanzu za su zo?"

"Na gayyace su. Ban janye ba." Ta nuna ni da haɓa. "Ke kuma wanke hannu. Naɗinki ba kyau, amma hannu hannu ne."

Daga falo Tatay ya ɗaga murya ya ce shi dai tun farko ya ce kada a yi magana da mai rikoda. 

Ranar Juma'a Lorraine ta kira ni ofishinta. Mace ce mai shekara sittin, gashi fari gajere, ba ta ɓata kalma. Ta buga rahotona a takarda, ta ja layi ƙarƙashin sakin layi na uku.

"Wannan ba sai kin sa ba," ta ce.

"Yana rajista. Gara su ji daga gare ni."

"Haka ne." Ta juya takardar. "Daga yau kin fita daga maganar nan. Ni zan riƙe fayil ɗin. Ofishin manyan digiri ne zai ce a sa sabon jadawali, in sun ce, ni zan sa, a kuma rubuta a shafin cewa an canja da ranar da aka canja. Kwamiti zai aika wa matan wasiƙa ɗaya-ɗaya. Kuma daga Litinin kowane jadawali da ya shigo sai an duba bayansa. Ki rubuta mini yadda kike yi, a koya wa sauran."

"To."

"Masu injuna sun amsa. Ɗaya injin bincike ne daga waje. Ɗayan mutum ne, a cikin garin nan. Fiye da haka ba za su iya faɗa ba." Ta cire tabarau. "Daga goma da minti goma sha tara zuwa huɗu akwai nisa, Dalisay."

"Kafin a tashi aiki doka ta ce."

"Na san abin da ta ce, ni na rubuta ta. Je ki ci abinci."

Teo bai kira ni ranar Juma'a ba. Saƙo ɗaya ya turo da yamma: "An ɗaga zaman Talata. Ba a sa wata rana ba." Na rubuta: "Na gani." Na tsaya ina kallon kalmomin biyu, na ga sun yi kaɗan, na ƙara: "Ka ci abinci?" Ya karanta bai amsa ba.

Yau da safe, ƙarfe tara, ina tsaye a falo cikin rigar madara, Nanay tana kama bakin ƙasan, imel ya shigo daga Farfesa Friesen. Ta ba da haƙurin damuna ranar hutu. Ta ce kwamiti zai zauna Litinin da safe, kuma don cike takardunsu tana da tambaya ɗaya da take so in amsa a rubuce kafin lokacin. Tsakanin lokacin da na ɓoye fayil ɗin da lokacin da na kai rahoto, shin mai kundin ya nemi in canja fayil ɗin, ko in jinkirta sanarwa?

"Me ya faru?" in ji Nanay daga ƙasa. "Kin sandare."

"Aiki ne."

"Ranar Asabar? Juya."

Na juya. Ta ci gaba da soka allurai. Na riƙe wayar sama da kanta na rubuta amsar, jimla uku. Na ce e, ya nemi duka biyun, a cikin motarsa, wajen ƙarfe goma sha biyu. Na ce na ƙi. Na ce bayan haka ya kai kansa da kansa kafin ni, ba tare da ya ɗora wa kowa ba. Na karanta sau ɗaya na aika.  

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, na cire rigar na rataye ta a bayan ƙofa, saƙon Teo ya shigo.

"Muna nan zuwa gobe ƙarfe biyu. Mama ta ce a gaya wa mamanki kada ta wahalar da kanta da kayan zaƙi, za ta kawo."

Na ce zan gaya mata.

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na zauna a bakin gado ina jira. Daga kicin ina jin Tita Remy tana waya da wata a cikin matan arba'in, murya ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji daga gare ta ba.

"Farfesa ta aiko mini da tambaya," ya rubuta. "Na san ke ma ta aiko miki."

"Ta aiko."

"Kin amsa?"

"Tun ƙarfe tara."

Minti biyu ba komai. Sannan: "Me kika rubuta, Dali?"

Na san abin da yake so. In na gaya masa, zai daidaita tasa da tawa, kuma ba zan taɓa sanin abin da zai rubuta shi kaɗai a ɗakinsa ba, ba wanda ke kallo. Gobe mahaifinsa zai gyara zama a kujerar da aka cire wa leda, ya yi wa Tatay jawabi, kowa ya juyo ya dube ni. Ina so in san wa nake amsawa.

Na rubuta masa: "Ka aika taka tukuna. Gobe ka buga ta a takarda ka zo da ita, ni ma zan buga tawa. Kafin a zuba abinci mu fita baranda mu biyu, mu ajiye su gefe da gefe."

Ya karanta ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in da ɗaya. Yanzu ƙarfe huɗu na yamma. Tawa tana cikin ambulan a kan tebur, na riga na buga.